Yadda ake gane ƙwayoyin da ke tsamar da nono da ƙullu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce daga Jega, mahaifiyata tana yin kindirmo da kunun zaki na sayarwa. Na ji ana cewa a cikin irin wannan abinci akwai ƙwayoyi masu amfani ga ciki. Ta yaya ake gane su, kuma za mu iya tantance su a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya yi wa sana'ar mahaifiyarki albarka. Abin da kika ji gaskiya ne, sai dai yana buƙatar bayani.

Ƙwayoyin da ake nufi wasu bakteriya ne da ke cin sukarin da ke cikin madara ko gero, su fitar da sinadarin tsami da ake kira laktik asid. Tun a 1857 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa halittu masu rai ne ke wannan aiki. Madarar da aka tatso yanzu ma'aunin tsaminta, wato pH, yana kusa da 6.7, ƙaruwar tsami kuwa ita ke saukar da shi, idan ya sauka zuwa 4.6 sai furotin ɗinta ya dunƙule, wannan shi ne kaurin kindirmo. Lokacin da mahaifiyarki take zuba ragowar kindirmon jiya a cikin madarar yau, iri take shukawa, kuma tsohuwar ƙwarya ma tana riƙe da nata irin a jikinta. Ba kowane abinci da aka ruɓar ba ne na wannan dangi: daddawa aikin wata ƙwaya ce daban mai suna Bacillus, shi ya sa take da wari amma ba ta da tsami.

A gida abin da za a iya gani alama ce kawai: tsami mai daɗin ƙamshi, kauri mai laushi, babu yauƙi, babu ɗaci. Ko wannan ma yana yaudara, domin nonon da aka tsinka da ruwa aka kaɗa masa garin ƙwallon kuka yana da tsami da kauri, alhali tsamin na kuka ne.

Tantancewa ta haƙiƙa a ɗakin gwaje-gwaje ake yin ta. Akan ɗebi nonon a tsinka shi sau goma, a sake tsinka wannan sau goma, a yi ta haka har ƙwayoyin su rarrabu, sannan a shafa a faranti mai abincin shuka ƙwayoyi da ake kira MRS, wanda aka haɗa a 1960 musamman domin wannan dangi. Sai a rufe shi inda iska ba ta da yawa, a zafin digiri 30 zuwa 37, na kimanin kwana biyu. Ɗigo-ɗigon farare da suka tsiro su ake ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Idan aka rina su da rinin Gram suka riƙe launin shunayya, aka kuma ɗiga musu sinadarin haidurojin feroksaid ba su yi kumfa ba, to an kama hanya. A ƙarƙashin madubin ƙara girma wasu kamar sanda suke, wasu kamar 'ya'yan carbi a zare. Amma ainihin sunan ƙwaya sai an karanta wani yanki na ƙwayar gadonta mai suna 16S, a nan ne ake bambance Lactococcus da Leuconostoc da Weissella da Lactobacillus. Ki lura da cewa a 2020 an rarraba dangin Lactobacillus zuwa gida 25, saboda haka ƙwayar da tsofaffin littattafai ke kira Lactobacillus plantarum yanzu Lactiplantibacillus plantarum ce.

A nan ne nake ganin ɗalibai da yawa suna gaggawa. Sanin sunan ƙwaya bai isa a ce tana da amfani ga ciki ba, domin ƙwayoyi biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta a hali kamar 'ya'yan gida ɗaya. Ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma suka amince da ita a 2001 ta shardanta cewa ƙwayar ta kasance da rai, a ci ta da yawan da ya isa, kuma a tabbatar da amfaninta ga lafiya. Don haka dole a gwada ko tana jure tsamin tumbi da ruwan matsarmama, ko tana hana ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da E. coli yaɗuwa, ko kuma tana ɗauke da halin bijire wa maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda za ta iya miƙa wa masu cutarwa. Batun rai ɗin ma yana da muhimmanci a wajenku: koko da aka dama da tafasasshen ruwa yawancin ƙwayoyinsa sun mutu, amma kindirmo da kunun zakin da ya kwana bayan an haɗa shi da ɗanyen ƙullu suna ɗauke da masu rai.

Ina roƙon ki isar wa mahaifiyarki da abu ɗaya. Tsami yana rage ƙwayoyin cuta amma ba ya gamawa da su duka, kuma tarin fuka na shanu da cutar burusela, mai sa shanu ɓari, suna bin ɗanyar madara. Ta tafasa madarar, ta bar ta ta huce har ta zama ɗumi-ɗumi, sannan ta zuba irin jiya, domin idan ta zuba da zafi za ta kashe shi. Ke kuma idan kina son bincika kindirmonku, ki nemi sashen nazarin ƙananan halittu a jami'ar da ke Aliero ko ta Birnin Kebbi, ki kai samfurin a cikin kwalba mai tsabta da ƙanƙara, a ranar da aka yi shi.