Amsa ga ƙanena kan masu zana huskarsu lokacin yaƙi

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari muryarka. Wai mi zai sa ana yaƙi mutum ya zauna gaban madubi yana zana huskarshi, ba son kai ba ne irin na masu hoton waya? Haba dai. Waɗannan ba kyau suke nunawa ba, tsoro ne, wanda namiji ba ya iya faɗi da baki.

Ɗauki Kirchner, Bajamushe. A 1915 ya zana kanshi cikin kakin soja, sigari a baki, hannun dama yanke, dungulmi jina-jina. Alhali hannunshi lafiya lau! Ko fagen daga bai kai ba, wurin horo ya rikice sunka sallame shi. To mi ya zana? Abin da ke hana shi barci: yaƙi ya cinye hannun da yake sana'a da shi. Ni da nike rubuta allunan shaguna, na san wanga tsoro.

Sai Felix Nussbaum, Bayahude, yana ɓoye ma 'yan Nazi, mutanen Hitler, a Beljiyam. A 1943 ya zana kanshi an matse shi jikin katanga, tauraron nan mai ruwan ɗorawa, alamar da sunka tilasta ma Yahudawa, a rigar sanyinshi, ya ɗaga katin shaida, yana harare ta gefen ido. Da shekara ta zagayo sunka kama shi, a sansanin Auschwitz sunka kashe shi. Wannan shi ne son kai?

Kuma wallahi abin da ke ƙona mini rai ke nan. Bayan 2019, da 'yan gudun hijirar Zamfara da Sakkwato sunka cika wajen Gidan Rumji, cikin jihar Maraɗi ta Nijar, wata ƙungiya ta ɗauke ni in yi zane da yara. Wani yaro ya zana kanshi ba baki, ido kawai, manya. Sai shugabar aikin ta ce wai a sake, a sa dariya, don za a manna a bango baƙi su gani. Dariya! Yaron da ya kwana cikin gero yana jin babura? Na ce Hajiya, ni ba ni taɓa shi. Ragowar kuɗina ma har yau... to, a bar wannan.

Otto Dix kuma, wani mai zane Bajamushe, wanda shi ya riƙe bindiga da gaske, nashi labarin da tsawo, cajina ya kusa ƙarewa. In an sauko Isha'i na turo muku hotunan, kai ka duba idon Nussbaum ɗin nan sannan ka sake yi mini maganar hoton waya.