Rijiya, Guga da Kwal ɗin Anu Araren

Wani mai karatu daga Agadas ya aiko da tambaya biyu: shin kwal da gawayi abu ɗaya ne? Kuma in tashar lantarki ta ja ruwan ƙasa har rijiyoyin makiyaya suka yi ƙasa, ya dace a ce "rijiya ta bayar, guga ya hana"?

Malam, ta farkon mai sauƙi ce. Gawayi itace ne da aka ƙona aka kashe, shi maƙeri da mai shayi suka sani. Kwal kuwa haƙo shi ake yi, kalmar kuma aro ce daga Turanci, ta biyo jirgin ƙasa zamanin da ake ɗauko shi daga Inugu. Wanda ya ce "gawayin ƙasa" bai yi kuskure ba.

Ta biyun ce ta tsayar da ni. A Anu Araren, kusa da garin Cirozerin a jihar Agadas, kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 yana haƙar kwal yana ƙonawa, wutar lantarkin da ake samu tana tafiya Agadas da ma'adinan yuraniyom na Arlit. Abin da mutane ba su lura ba, irin wannan tasha da ruwa take aiki. Kwal ya tafasa ruwa, tururi ya juya injin, sannan a nemi wani ruwan a huce tururin. Kirarin nan "ruwa abokin aiki" har wuta bai bari ba. Ga shi yanki ne da damina ba ta taka kara ta karya, yawancin ruwan da ke ƙarƙashinsa tsohon ajiya ne na dubban shekaru, abin da aka ɗiba ba ya saurin dawowa.

To amma karin maganar ba ta zauna nan ba. Ana faɗinta ne idan mai abu ya yarda ya bayar, ɗan tsakiya ya tare: maigida ya ce a ba ka, yaron shago ya ce babu. Laifin na guga ne. A tambayarka kuwa guga bai hana kowa ba, shi ma ya sauka ya dawo wayam, domin rijiyar burtsatse ta tashar ta riga shi daga can ƙasa. In dole sai ka yi amfani da ita, juya ta: guga ya nema, rijiya ta rasa. Wannan ƙirata ce, kada ka jingina wa magabata.