RTX 4080 Super ko RX 7900 XTX: amsa ga ɗan'uwanmu na Argungu

Ɗan'uwa, ka ce kuɗinka sun isa ɗaya daga cikin katunan hoton kwamfuta (graphics card) nan biyu, kuma gem kawai za ka riƙa bugawa. Ni a Birnin Kebbi nake. Na AMD, wato 7900 XTX, shi ne a kwamfutata, ƙanina kuma 4080 Super na Nvidia gare shi. Gidanmu ɗaya, saboda haka abin da na gani da idona zan faɗa maka.

Dala 999 aka sa wa kowannensu da ya fito, na AMD a Disambar 2022, na Nvidia a Janairun 2024. Na AMD memori mai gigabait 24 ne da shi, ɗayan 16. Wannan 24 ɗin ne ya ja ni, amma in faɗa maka gaskiya, a monitata ta 1440p har yau ban buga gem ɗin da ya cinye 16 ba.

A Call of Duty nawa ne a gaba, kuma ina yi wa yaron gori a kai. Amma da zarar ya buɗe Cyberpunk 2077 ya kunna fasahar nan ta bin sawun haske, mai sa inuwa da ƙyallin ruwa su fito kamar gaske, sai in ja bakina in yi shiru. A nan Nvidia ta yi nisa, kuma fasaharsu ta ƙara wa gem gudu, wato DLSS, ta fi irinta ta AMD da ke kan nawa, wato FSR, tsabtar hoto. In gem ɗin ƙwallo kaɗai kake bugawa kuwa, ko rabin kuɗin nan ba ka buƙatar kashewa.

Abin da masu gwaji na YouTube ba sa damuwa da shi, mu kuma shi ne ciwon kanmu, wuta ce da zafi. Nawa wat 355 aka rubuta masa, nasa 320, kuma a gem da yawa nasa ba ya ma kaiwa can. Za ka ce ai tazarar ba yawa. To, ka jira dare, kana kan batirin sola, ga monita ga fanka ga firij. Sau da yawa inbatarmu kan fara kuka ina tsakiyar wasa. Duk wutar da kati ya sha kuma zafi take komawa cikin ɗaki, ga watan Afrilu da rana kan wuce digiri 40. Sai da na rage wa nawa ƙarfin wuta a manhajar Adrenalin ta AMD kafin na samu sa'ida, kuma gudun bai ragu sosai ba. Da hunturu kuma ƙura: duk wata nake fitar da shi in hure da bulowa.

Kada ka yi rowa wajen fawa-fak, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, nemi mai wat 850 na kirki. In na Nvidia ka ɗauka, tura filogin nan mai fil 16 har ka ji ya yi ƙas, domin rashin shigarsa sosai na cikin abin da ya narkar da na wasu masu katin 4090 na Nvidia.

Da zan sake zaɓa tsakanin biyun, 4080 Super zan ɗauka, saboda batiri. Amma turo mana girman monitarka da ƙarfin inbatarka tukuna; in 1080p ce da kai, monita za ka fara canzawa.