Tambaya da Amsa: Shin Taɓin Hankali Gado Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Yayana ya samu taɓin hankali tun yana ɗan shekara 22, yana jin muryoyi, yana zargin mutanen gida da zuba masa guba a abinci. Yanzu an sa ranar aurena, sai ga dangin mijin suna ja da baya, wai abin a jininmu yake. Ko akwai gwajin da zan yi, irin na sikila, in kai musu sakamako? Daga wata baiwar Allah, Argungu, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba yayanki lafiya. Babu irin wannan gwaji, kuma dalilin rashinsa shi ne abin da ya kamata dangin mijin su fahimta.

Alamomin da kika zayyana sun yi kama da na wani nau'in taɓin hankali da ake kira sikizofireniya, ko da yake likitan da ya duba shi ne zai tabbatar. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne da wasu sinadarai irin su dofamin da gulutamet, kowane sinadari kuma yana da makarɓarsa a jikin ƙwayar da ke gaba, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. Tsarin waɗannan makarɓai a rubuce yake cikin ƙwayoyin gadon da mutum ya karɓa daga uwa da uba.

Daga magani aka fara zargin dofamin. A 1952 likitoci a birnin Faris suka ga kulofuromazin yana kwantar da hankalin masu wannan ciwo, daga baya kuma aka gano cewa shi da halofaridol suna toshe makarɓar dofamin da ake kira D2. A 2014 wani babban bincike na masana daga ƙasashe da dama ya gano gurabe 108 a cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da ciwon, ciki har da DRD2, wadda ke tsara waccan makarɓa, da wasu na makarɓan gulutamet. Zuwa 2022 adadin ya kai 287.

A nan ne ciwon ya sha bamban da sikila, wadda ƙwayar gado guda ce ke kawo ta, har a iya cewa idan AS ya auri AS, yiwuwar haifar mai sikila ɗaya cikin huɗu ce a kowane ciki. Su waɗannan gurabe kuwa kowanne ɗan ƙanƙanin tasiri gare shi, kuma masu cikakkiyar lafiya, har da dangin mijin naki, suna ɗauke da da yawa daga cikinsu. Ƙari ga haka, mafi yawan waɗanda aka yi binciken a kansu Turawa ne, saboda haka duk wanda ya ce zai ɗebi jininki ya faɗa miki makomar 'ya'yanki, kuɗinki kawai yake so.

Ban ce gado ba shi da hannu ba, yana da shi sosai. Amma ko tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda ƙwayoyin gadonsu iri guda ne, idan ɗaya ya kamu, kusan rabin lokaci ɗayan lafiyarsa ƙalau. A cikin jama'a kusan mutum 1 cikin 100 ne ke kamuwa, ga 'yan'uwan ciki ɗaya kusan 10, ga 'ya'yan 'yar'uwar mara lafiya kuwa, wato naki, bai kai 5 ba. Shan wiwi tun ana ƙuruciya da wahalar da jariri ya sha wajen haihuwa suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin, kuma waɗannan ana iya kiyaye su.

Ni a ganina zalunci ne a fasa aure a kan wannan. Ki nemi wani dattijo mai faɗa a ji daga danginsu ya raka ku ranar da za a kai yayanki ganin likita, ko a nan kusa ko a asibitin masu taɓin hankali na tarayya da ke Kware, ya ji bayani da kunnensa. Shi kuma yayan naki, don Allah kada a kai shi gidan mari, kada kuma a bari ya daina shan magani don an ga sauƙi.