Tambaya da Amsa: Lauyar Gwamnati da Shari'ar Yara

Tambaya: Anti, ina shekarar ƙarshe a karatun lauya. An ce mini aikin lauyan gwamnati a shari'ar yara raba uwa da ɗa ne kawai. Haka ne?

Amsa: Ƙanwata, wanda ya faɗa miki bai taɓa zama a kotun ba. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce ke shiga gida ta ga halin da yaro ke ciki, ni in kai hujjarta gaban alƙali, shi ya yanke hukunci. Ma'auninmu maslahar yaron, kamar yadda sashe na 3 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ya tanada. Sashe na 12 kuma ya ce a saurari yaron.

Talauci kaɗai ba dalilin ɗauke yaro ba ne, wannan kam ba na sassauci a kansa. Nakan nemi kaka ko goggo tukuna kafin in ambaci gidan reno.

Amma akwai ranaku masu nauyi. Na tuna wata 'yar shekara 6 da ta ƙanƙame rigar uwarta a bakin kotu, tabon ƙuna a bayan hannunta, rahoton likita yana cikin jakata. Na roƙi alƙali ya danƙa ta ga kakarta, muryata na rawa. Daren nan ban runtsa ba. Uwar ta cika sharuɗɗan kotu ɗaya bayan ɗaya, bayan wata 8 ni da kaina na miƙe na nemi a mayar mata da 'yarta.