Masta kan noma, katin zama, da buhun geron Baba

Wani matashi ɗan Tibiri, mai shekara 28, ya rubuto mini daga Faransa. Ya yi lisans ɗin aikin gona a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maraɗi, yanzu shekararsa uku yana aiki a wani babban ɗakin ajiyar kayan lambu, da katin zama na ma'aikaci. Ransa na son komawa makaranta ya yi masta kan noma mai ɗorewa da tsarin abinci. Yana tambaya: ya ajiye aikin ya nemi katin ɗalibi? Kuma yaya zai yi da mahaifinsa, tunda kuɗin da yake aikowa duk wata ne ke toshe giɓin rumbu?

Ƙanena, na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai, kuma karatun nan ina so ka yi shi. Amma kada ka taɓa katin da ke hannunka tukuna. Mai katin ma'aikaci yana da damar yin rajista a jami'a, babu wanda ya ce sai ya zama ɗalibi a takarda. Katin ɗalibi kuwa awa 964 kacal ya yarda ka yi aiki a shekara, wajen kashi 60 cikin ɗari na cikakken aiki, kuma shekarun da aka yi da shi ba sa yi wa mutum nauyi irin na ma'aikaci ranar da zai nemi katin zama na shekara goma. Idan kuma da kanka ka ajiye aiki, ba sallamarka aka yi ba, sabunta katin na iya zame maka wahala. Wannan shi ne sakin reshe kama ganye.

Hanyar da na fi so ka bincika ita ce karatun da ake haɗawa da aiki, wanda suke kira alternance: kwanaki a aji, kwanaki a kamfani. Kwantiragin koyon sana'a, wanda ake yin irin wannan karatu da shi, ana shiga shi ne kafin mutum ya cika 30, ka ga lokaci ya fara ƙure maka. Wanda ya kai 26 ana biyansa aƙalla mafi ƙarancin albashin ƙasar, kuɗin makaranta kuma ba daga aljihunsa zai fita ba. Sai dai sabon kwantiragi na iya shafar izinin aikinka da irin katin da za a ba ka gaba, don haka kafin ka sa hannu a kan komai ka kwashi takardunka ka je wurin ƙungiyar La Cimade, suna ba baƙi shawarar shari'a kyauta. Maganar abokan ɗaki ba doka ba ce, ko da sun girme ka a ƙasar.

Sauran takardun ba su da wuya, jinkiri ne kawai ke ɓata su. Ka sa wani ɗan'uwa ya karɓo maka takardun makinka na shekaru ukun lisans daga jami'a tun yanzu. Ka nemi takardar daidaita digiri daga cibiyar ENIC-NARIC, domin takan ɗauki watanni. Neman gurbin masta a Faransa ta shafin Mon Master ake yi, wajejen Fabrairu zuwa Maris. Ka duba fasfonka ma: Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, tsohon fasfo mai sunan ƙungiyar yana aiki har ranar ƙarewarsa, amma kada ka bari ranar ta zo daidai da ta katin zama. Ka kuma tuna an rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai tun farkon 2024. In ka zo gida katinka ya mutu kana nan, komawa ba ƙaramin aiki ba ne.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato me za ka karanta, kuma don wa. Makarantun Montpellier sun daɗe suna aiki a kan noman ƙasashe masu zafi, haka Gembloux a Beljiyam da Wageningen a Holan. Za su koya maka auna ƙasa, lissafin kasuwa, da tsara bincike, kuma muna da bukatar masu wannan ilimi. Amma ina roƙonka kada ka dawo da tunanin cewa kai ne za ka kawo wa Maraɗi noma mai ɗorewa. Za ka tarar da sunan Maraɗi a cikin darasin da za a karantar da kai. A nan ne a 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa duk shekara kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka riƙa barin 'yan rassa masu ƙarfi suna yanke sauran, abin da muke kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta haka aka dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar, ba tare da an dasa su ba. Gawon da ke tsaye a gonar mahaifinka, mai zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, shi ne abin da za a nuna maka a majigi.

Haka zancen tsarin abinci. Ka tuna 2005, kana yaro: kasuwanni da hatsi, amma farashi ya fi ƙarfin talaka, cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika a yankin da ake kira rumbun ƙasa. Ka tuna yadda rufe iyakar Najeriya a Agustan 2019 ya girgiza masu wake da aya da dabbobi da ke bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa kasuwar Dawanau ta Kano. Wanda ya fahimci dalilin da ke sa manomi ya sayar da tiyar gero da arha a kaka ya sake sayenta da tsada a tsakiyar damina, ya kama bakin zaren karatun nan. Tambayoyin da suka cancanci kundin bincikenka suna nan birjik. Gandu yana ta raguwa da rabon gado, to ina gamanar mata, wato 'yar gonar da mace ke nomawa ta kanta, ta tafi? Wa ke da ikon reshen gawo, mai gona ko makiyayi? Me ya sa wasu suka rungumi buhun PICS mai riɓi uku na ajiyar wake, wasu har yau suna zuba magani?

Saboda haka tun kafin ka zaɓi makaranta ka tambaye su ƙarara ko za su yarda ka yi aikin fili a Nijar. Hukumomin Faransa sun sa ƙasarmu cikin wuraren da suke hana mutanensu zuwa, kuma makarantu da dama ba sa sa hannu a takardar sitaj, wato zuwa koyon aiki, a irin waɗannan wurare. In sun ƙi, ka nemi malami ɗaya daga tsohuwar jami'arka ko daga cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna ya zama abokin duba aikinka, a tattara bayanai a nan, kai ka yi nazari a can. Ka rubuta musu tun bana. Malaman da suka koyar da kai ba su manta da kai ba, kai ne ka yi shiru.

Sai maganar Baba. Kada ya ji labarin nan a bakin kowa. Ka kira shi da kanka, ranar da hankalinsa ke kwance, kuma ka sa babban wanku ko kawunka a cikin zancen. Dattijo ba karatu yake tsoro ba, watan Yuli da Agusta yake tsoro, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon gero bai nuna ba. To ka cire masa wannan tsoron da lissafi. Albashinka zai ragu na shekara biyu, ka faɗa masa adadin da za ka iya aikowa, ko da kaɗan ne, ka kuma tsaya a kai. Kafin ka shiga aji, ka tara abin da za ka iya ka aiko a dunƙule da kaka, wajejen Oktoba da Nuwamba, a sayi geron da zai kai gidan ƙarshen damina, a ajiye wake a buhun da ba ya shan iska. In da saura, a saya wa Inna jajayen awaki biyu su zama nata na kanta.

Abu ɗaya kuma zan roƙe ka. Ka ce wa Baba ya sa ƙaninka ya riƙa rubuta maka a littafi: ranar shuka, ranar da ruwa ya ɗauke, damin gero nawa aka ɗaure a ƙarƙashin gawo, nawa a fili. Ya ɗauki hoton shafin ya turo maka ta WhatsApp duk ƙarshen wata. In ka tura takardunka a Maris, ka rubuto mini sunayen makarantun da ka nema mu duba su tare.