Amsa kan almajirin Neem Karoli Baba mai zuwa wajen malamai daban-daban

Salam ƙanina, naga tambayarka tun jiya. Kace abokin zamanka a ɗaki yana cewa shi almajirin Neem Karoli Baba ne, wani malamin addinin Hindu na Indiya, amma kullum yana sauraron wasu guru, wato malaman addininsu, a waya, ran Lahadi ya tafi wajen ibadar 'yan Sikh, yanzu kuma yana shirin shiga halwar Vipassana ta kwana 10, shine kake tambaya wai rashin tsayuwa ne ko kuwa haka abin yake a wajensu.

Haka yake a wajen mutanen wannan dattijon, kuma abin daga shi kansa ya faro. Maharajji suke ce masa, ya rasu a Vrindavan a watan Satumba 1973, bai bar littafi ba, bai bar wani wuridi da za'a ce sai ka karɓa kafin ka zama nasa ba. Abinda suke ta maimaitawa daga bakinsa ƙalilan ne, ka so kowa, ka yiwa kowa hidima, ka ciyar da mutane, ka tuna Ubangiji, ka faɗi gaskiya, sai kalmar nan tasa "sub ek" wato duk ɗaya ne. Toh kaga mutumin da wannan ne jarinsa da wuya ya kafa maka shinge.

Lokacin da nake karatu na zauna haya a gidan wani dattijo a gefen Delhi, kowa Ankul yake ce masa, shi da matarsa duk mutanen Maharajji ne. A falonsa akwai wata 'yar kanta da suke ibada, akwai Hanuman, ɗaya daga cikin ababen bautar Hindu, akwai hoton Sai Baba na Shirdi, ga Anandamayi Ma, su biyun mutane ne da ake ɗauka waliyyai a Indiya, ga Guru Nanak wanda ya kafa addinin Sikh a gefe. Amma abinda na lura dashi shine hoto ɗaya ne kawai ake canzawa furanni kullum da safe, na tsohon nan mai lulluɓe da bargo, wato Maharajji, sauran goge musu ƙura kawai akeyi sai ranar bikinsu. Kuma wannan Ankul ɗin shine ya fara kaini hubbaren Nizamuddin Auliya, wani waliyyin Sufaye a Delhi, wani daren Alhamis, ya ɗaura hankici a ka ya zauna yana sauraron ƙawwali, waƙoƙin bege na Sufaye, har hawaye na zubo masa, ni da nake musulmi ina tsaye ina kallonsa ina mamaki. A hanyar dawowa nace masa Ankul wai kai ina ka dosa ne, yace min duk inda yaje shi a ganinsa Maharajji ne ya aike shi, in ya samu wani abu a can shi zai yiwa godiya. Wallahi ban ga alamar ruɗewa a tare dashi ba, mutum ne da yasan gidansu.

Turawan da suka bishi ma haka suka taso. Richard Alpert, wanda jami'ar Harvard ta Amurka ta sallama a 1963, ya haɗu dashi a 1967 ya bashi suna Ram Dass, kuma shi Maharajji da kansa ya miƙa shi hannun wani malamin, Baba Hari Dass, ya koya masa yoga. A sanyin 1970 zuwa 1971 Ram Dass da Krishna Das da Daniel Goleman da wasu suna Bodh Gaya suna zaman halwa a wajen Goenka, wanda hanyar Buddha yake koyarwa, irin wadda abokinka zai shiga ɗin nan. Daga can suka ɗauko bas suna nemansa suka same shi a Allahabad, labarin da suke bayarwa shine ya karɓe su aka basu abinci, babu wanda aka ce ya tuba don yaje wani waje. Da suka tambaye shi yadda ake nutsuwa a ibada ma Annabi Isa ya nuna musu yace suyi koyi dashi, alhali shi mai bautar Hanuman ne.

Nasan abinda yasa abin ya ɗaure maka kai, don kace kai ɗan Tijjaniyya ne. Mu a wajenmu sharaɗi ne a fili, ba'a haɗa wuridi da na wata ɗarika, ba'a ziyartar waliyyin da ba na gida ba da niyyar neman madadi. In ka auna abokinka da wannan mudun dole ka ganshi a karkace. Abinda yafi kusa da nasu shine karatun zaure, ka karanta Risala a wajen wannan malam, nahawu a wajen wancan, amma in aka ce waye malaminka suna ɗaya zaka kira. Har a littafin Hindu Bhagavata Purana akwai wani mai zuhudu daya lissafa malamansa 24, a ciki harda ƙasa da ƙudan zuma da mesa.

Amma kar ka ɗauka duk Hindu haka suke. Mutanen Hare Krishna da Prabhupada ya kafa a New York a 1966 suna da tsauri sosai kan wanda zaka saurara da littafin da zaka karanta. Kuma ita wannan sakewar tana da nata illar, dole in faɗa. Shi kansa Ram Dass bayan rasuwar Maharajji ya faɗa hannun wata mata a New York mai da'awar kashfi, ya bita sama da shekara, a 1976 ya fito ya rubuta da kansa cewa an yaudare shi. In babban almajiri zai zame haka, ina ga yaro ɗan jami'a da duk guru ɗin da ya fito a YouTube yake bi. Wannan shine abinda ni zan fi damuwa dashi a kan abokinka, ba yawan wuraren da yake zuwa ba. Ka duba ko akwai mai karɓar masa kuɗi, ko mai raba shi da iyayensa, ko mai ce masa ya bar karatu.

Ni dai ban ɗauki aƙidarsu ba kuma bazan ce maka ka ɗauka ba, ka riƙe sallarka da wazifarka. Amma kar ka kira shi munafuki, zai ji ciwo sosai kuma ba gaskiya bane. In ya gayyace ka Kainchi, wurin ibadar Maharajji da ke kusa da garin Nainital, kuma ka yanke shawarar raka shi, ka kaucewa 15 ga Yuni, ranar bikinsu ce, hanyar dutse ce siririya kuma cunkoson motoci zai iya cinye maka wuni guda.